Allurar Gaggawa Domin Mummunan Borin Jini

Yau zan yi magana a kan borin jini mai tsanani, wanda ke kashe mutum cikin mintoci kaɗan.

Ƙudan zuma ya harbi mutane, yawancinsu su yi ɗan kumburi shi ke nan. Wani kuwa leɓe da harshe su kumbura, maƙogwaro ya toshe, numfashi ya yi wuya, jiri ya ɗebe shi. Wasu gyaɗa ce ko kifi ke jawo musu, wasu kuma allurar fenisilin. Manja ba ya maganinsa. Piriton ma ƙaiƙayi kawai yake ragewa, ba ya buɗe hanyar iska. Maganin shi ne adiranalin, wanda ake kira efinefirin.

Akwai shi a cikin wata allura mai kama da biro, irin su EpiPen, wadda mutum zai iya yi wa kansa. Mai miligiram 0.3 na wanda ya kai kilo 30 ne, mai 0.15 na yaro mai kilo 15 zuwa 30. A cire murfin, a danna ta da ƙarfi a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando, a riƙe daƙiƙa 3. Sai a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya ƙi ya zauna, amma kada ya miƙe tsaye. In minti 5 ya wuce ba sauƙi, a yi ta biyu. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti, gama ciwon yakan dawo bayan wasu sa'o'i.

Samunta fa shi ne wahala. Tana da tsada, a Amurka ma kuɗin guda biyu ya kai dala 600 a 2016. Wanda abin ya taɓa samunsa ya je likita ya rubuta masa. Tana ƙin zafin rana, ba a kuma sa ta a firji. In ruwan ya canza launi ko kwanan wata ya wuce, a sauya.

A ganina abin da ya fi mana sauƙi shi ne na kwalba, mai araha, wanda malamin asibiti ke ja da sirinji. Kwamitin lafiya, ku je ɗakin shan magani makon nan ku tambaya ko suna da shi, ku kuma duba kwanan watansa da idonku.