TAMBAYA A KARATUN LITTAFI MAI TSARKI
Jawabin da anka yi a taron ƙungiya, Malbaza

An roƙe ni in yi magana bisa karatunmu na Littafi Mai Tsarki, da yadda za mu shige shi da zurfi.

Tun 1932 anka buga Littafin dukansa da Hausa, anka sake fassara shi a 1979. Likitar Galmi kuwa tun 1950 take nan kusa da mu, kuma ta wurinta da yawa cikin iyayenmu sunka fara jin bishara. Littafi dai ya daɗe a hannunmu. Amma yaya muke karanta shi? Kamar yadda yaran lakwal ke haddace darasi da Faransanci: su zubo shi daidai, in ka ce su faɗi ma'anarsa da Hausa sai shiru. Mu ma mai wa'azi ya karanta, mu ce amin, mu watse.

Wasu na ganin tambaya rashin bangaskiya ce, ko rashin kunya gaban dattawa. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 8. Babban ma'ajin sarauniyar Habasha yana cikin karusa yana karanta Ishaya, bai gane ba, bai kuwa ɓoye ba. Ya tambayi Filibus ko annabin kansa yake nufi ko wani, daga nan anka bayyana masa Almasihu. A sura 17 kuma an yaba wa mutanen Biriya don kullum suna bincika Nassi su ga ko maganar Bulus haka take. Bulus fa!

Bari mu gwada da misalin mai shuka, Markus sura 4. Duk manomin da ke nan ya kamata abin ya ba shi mamaki. Mu da sungumi muke sara, mu sa hatsi a rami, mu rufe da diddige. Wane mahaukaci ne zai zuba iri bisa hanya ko cikin ƙaya? Wanda ya yi wannan tambaya zai ji cewa a ƙasar Galili watsa iri ake yi da hannu, ya faɗa inda ya faɗa. To sai wata tambayar ta biyo: wa Yesu ke faɗa wa wannan? Taron jama'a ne a bakin teku, amma fassarar sai waɗanda sunka tsaya sunka tambaye shi sunka same ta. Sauran sun koma gida da labari kawai. Sannan tambaya mai nauyi: a cikin ƙasa huɗun nan, wacce ce zuciyata bana?

Abin da ya sa na matsa, yau wa'azi iri iri na shigowa ta waya. Wani ya tsinko aya guda, ya ce ka aiko kuɗi ka sami arziki. Wanda bai saba tambayar abin da ke gaban ayar da bayanta ba, an cuce shi ke nan, har buhun albasarsa ya tafi.

Ina roƙon dattawa su ba mata da samari fili, kada a yi wa kowa dariya. Fassarar ma da Hausar Nijeriya take, akwai kalmomin da ba mu faɗi a ƙasar Konni. A tsaya a tambaya. Taro mai zuwa kowa ya karanto Luka sura 15, ya zo da tambaya guda a rubuce. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa wa ɗansa ya rubuta masa.