Ina Za Mu Kai Yara a Babban Hutu?



Sa'ad da takardar gayyata ta iso mini, na ga an nemi in yi magana a kan yadda magidanci zai zaɓi wurin da zai kai iyalinsa shan iska a lokacin babban hutu, sai na yi murmushi, domin na san yawancin waɗanda ke zaune a wannan zaure ko aure ba su yi ba tukuna. Amma da na sake tunani sai na ga masu shirya taro sun fi ni hangen nesa. Nan da shekara biyar ko shida, da yawanku za su zama masu gida da iyayen gida a biranen da ba nan aka haife su ba, suna renon 'ya'ya a ɗaki biyu da falo, tsakanin makaranta da Islamiyya da akwatin talabijin. Yaron da ya tashi haka yana iya kai shekara goma sha biyar bai taɓa ganin dutsen da ya fi benen unguwarsu tsawo ba, ya san sunayen biranen Ingila ta wajen 'yan ƙwallo, amma bai san inda Gembu take ba. Mutum kuwa ba ya kishin ƙasar da bai gani ba. Saboda haka wannan zance ya wuce shagali, ya shiga tarbiyya.

Na san akwai mai cewa a ransa, ai mu hutunmu zuwa gida ne, a kai yara su gai da kakanni. Wannan gaskiya ne, kuma ban zo in rage wa zumunci daraja ba. Sai dai babban hutu mako shida ne ko fiye. Wanda ya ba kakanni mako uku, ya ware kwana huɗu ya nuna wa yara wani yanki na ƙasarsu, bai tauye hakkin kowa ba.

To, yaya za a zaɓi wuri? Maganata duka a yau ta taru a kan abu guda: a auna wurin da watan da za a yi tafiyar, kana a auna shi da ƙarfin ƙaramin yaron da ke cikin ayarin. Kyan hoton da aka gani a kalanda ko a waya shi ne abu na ƙarshe da za a duba.

Bari in fara da wata. Turawa suna yin babban hutunsu a lokacin da ƙasarsu ta yi ɗumi, rana ta daɗe ba ta faɗi ba. Mu mun gaji lissafin makarantunsu, amma ba mu gaji yanayinsu ba. Namu hutun yana kamawa daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Satumba, watau tsakiyar damina, lokacin da ruwa ya fi sauka a ƙasar Hausa. Wanda ya manta da wannan zai yi asarar kuɗinsa, kamar yadda ni na taɓa yi.

Wata shekara, cikin watan Agusta, na ɗebi iyali muka nufi Yankari, na cika yara da alkawarin giwaye tun daga gida. Muka shiga daji da safe, muka sake shiga da yamma, ciyawa ta fi mota tsawo, ba mu ga kome ba sai birai da gadu da tsuntsaye. Laifin nawa ne, don ban tambaya ba. Dalilin kuwa a fili yake. Da rani, sa'ad da tafkuna suka ƙafe, tilas namun daji su gangaro kogin Gaji su sha ruwa, ciyawa kuma ta bushe, ido yana kai wa nesa. Da damina kuwa kowane kwari yana da ruwa, dabbobi sun watsu cikin dajin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, ba abin da zai kawo su bakin hanya. Wanda ke son yara su ga giwa da ɓauna da gwanki, sai ya ajiye Yankari sai hutun Disamba, ko ma na Afrilu in za a iya jure zafi.

Duk da haka ban dawo hannu rabbana ba. Maɓuɓɓugar Wikki ba ta san rani ko damina ba, ruwanta garau, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana. A nan yara suka wuni, suka manta da giwa. Wannan gandun daji na Jihar Bauchi an keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan ya koma hannun jiha a 2006. Mai zuwa can da yara ya kula da birai, domin sun saba da mutane, sukan fizge abinci daga hannun yaro.

Idan damina ta ɓoye namun daji, me take bayyanawa? Tana bayyana duwatsu da matsirgar ruwa. A ganina, ga mai ƙananan yara, babu wurin da ya dace da babban hutu kamar tudun Jos. Garin yana bisa tudu wajen mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuma sun haura mita 1,800. Yaron da ya taso a Sakkwato ko Nguru zai ga gajimare yana taɓa kan dutse, zai nemi rigar sanyi da tsakar rana cikin watan Agusta, zai ga gonakin dankalin Turawa da kabeji da acca, da gidajen da aka kewaye da shingen ƙerana. A gargaɗe shi kada ya karya ƙeranar nan, don ruwanta yana cutar da ido. A hanyar da ta nufi Akwanga akwai duwatsun Riyom da suka hau kan juna kamar hannu ne ya jera su, gaba kuma akwai matsirgar Assop.

Abin da ya ƙara wa Jos daraja shi ne, in ruwa ya tsuge akwai inda za a fake a ƙaru da ilmi. Gidan kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana ɗauke da kawunan yumɓu na Nok, aikin hannun mutanen da suka zauna a wannan yanki fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kusa da shi aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Akwai kuma gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Abu guda ne zan ja kunne a kansa: kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos da Bukuru. Ruwansu a kwance yake kamar tafki, amma gefensu a miƙe yake, zurfinsu kuma ya wuce tsammani. Kada a bar yaro ya matsa kusa da su.

Haka zancen yake ga Gurara a Jihar Neja, wadda ake ratsewa zuwa gare ta daga hanyar Suleja zuwa Minna. Da damina ne take cika ta batse, ruwa yana faɗowa daga tsawon wajen mita 30 da rugugin da ke hana mutum jin maganar na kusa da shi. Lokacin kallo ke nan daga nesa, hannun yaro cikin hannun babba, domin duwatsun suna da santsi, ruwan kuma ba ya ba da dama ta biyu.

Yanzu sai ma'auni na biyu, watau ƙaramin yaro. In aka tambaye ni wurin da ya fi ko'ina kyau a ƙasar nan, zan ce tudun Mambila a Jihar Taraba. Tuddai ne kore shar, bisa wajen mita 1,600, ga shanun Fulani a warwatse, ga gonakin shayi a Kakara, ga hazo yana sauka da safe har ya rufe hanya. A wannan yanki ne, bisa iyaka da Kamaru, dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Yankin ya shigo Nijeriya ne bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, ƙaramar hukumar kuma tana ɗauke da sunan Sardauna. Amma daga Jalingo zuwa Gembu tafiyar kusan wuni ce, ta Bali da Serti, sa'an nan a kama hawan dutse mai kwana-kwana, wanda ruwan sama da hazo ke ƙara wa wuya. Matashi mai shekara goma sha huɗu zai riƙa ba da labarin wannan tafiya har tsufansa. Jariri kuwa, ko yaro ɗan shekara uku, amai da kuka da mura kawai zai samu, uwarsa kuma ta dawo ta fi yadda ta tafi gajiya. A jira Mambila har auta ya yi ƙwari, a kuma je ta da rani. Tudun ba zai gudu ba.

Ƙa'idar da nake bi ita ce, in akwai yaron da bai kai shekara biyar ba, kada zama cikin mota ya wuce awa huɗu ko biyar a rana, kuma kada masauki ya yi nisa da asibiti. Damina ita ce kakar zazzaɓin cizon sauro. A tafi da gidan sauro ko da an ce masauki yana da shi. A jihohi da yawa na Arewa ana raba wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a wannan lokaci, don haka a tsara tafiya yadda yaro ba zai tsallake nasa zagayen ba. A hana yara wanka a madatsun ruwa da tafkuna da ruwansu ke kwance, domin a nan ake ɗaukar tsargiya. Tiga wurin kallo ne mai daɗi da yamma, amma a tsaya ga kallon.

Akwai wani ma'auni da iyayenmu ba su sha wahalarsa kamar mu ba, shi ne tsaron hanya. Ba zan rufe ku ba, wuraren da dā ake zuwa ba tare da tunani ba, wasunsu sun zama sai an yi bincike. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, wajen kilomita 60 daga Yamai, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a watan Agusta na 2020. Jihar Filato da na yaba muku ta sha fama da rikice-rikice tun daga 2001. Labarin bara ba ya amfani a wannan sha'ani. A tambayi mutumin da ke zaune a garin, da direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, cikin makon da za a tashi. A yi sammako, a isa kafin la'asar, kada a yi tafiyar dare da iyali ko da an makara. In zuciya ba ta kwanta ba, a fasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai batun aljihu, wanda na san shi ne ya fi damun ƙaramin ma'aikaci. Shawarata ita ce kada a ci bashi don hutu, domin ranar da aka dawo kuɗin makaranta na jira a bakin ƙofa. A fara tari tun watan Janairu, ko a shiga adashi da niyyar haka. A ware kuɗin komowa da na magani a wani aljihu dabam, a ɗauka babu su. Gida biyu na iya haɗa kai su ɗauki mota guda, yara su sami abokan wasa, kuɗin mai kuma ya rabu. Wanda bai da halin kwana a waje, ai kusa da shi ma akwai abin gani. Yara nawa ne a Kano ba su taɓa hawa Dala sun ga birni a shimfiɗe bayan an ɗauke ruwa ba, ko su shiga Gidan Makama? Nawa ne a Zariya ba su je gindin Kufena ba, ko a Katsina ba su ga hasumiyar Gobarau ba, ko rijiyar Kusugu a Daura? Fita da safe a dawo da yamma, da ƙunshin dambu da gorar ruwa, ya ishi yaro labarin zango guda.

Ina da kalma ga 'yan'uwana maza. Kada maigida ya yanke shawara shi kaɗai, ya zo da dare ya ce a shirya gobe za a tafi. Uwar yara ita ta san wanda mota ke sa wa amai, da wanda sanyi ke tayar wa tari. Kuma in aka je can ita ce mai girki da wanki da goyo kamar yadda take yi a gida, to, ita ba ta yi hutu ba, wurin aiki kawai aka sauya mata. A raba ɗawainiya. Manyan yara su ma a ba su aiki: a shimfiɗa musu taswira su nemo hanya, a ba kowa ɗan littafi ya rubuta sunayen garuruwa da koguna da aka ratsa, da kalma biyar daga harshen mutanen wurin. Yaron da ya koyi gaisuwa da Birom ko Fulatanci daga bakin mai ita, da wuya wani ya zo daga baya ya koya masa ƙin mutanen.

Ku ɗalibai da ba ku da iyali tukuna, kuna da ƙanne, kuma hutu na tafe. Ku ɗauki biyu daga cikinsu, da izinin iyaye, ku kai su dutse ko kogi ko gidan tarihi mafi kusa da garinku. Ranar da Allah ya ba ku naku, za ku tarar kun riga kun san hanya.

  Allah ya kai mu hutu lafiya, ya dawo da mu lafiya.