Harawar Shekarar Fari: Ina Sitacinta Ya Tafi?



Da wuya a samu ɗayanmu da ba ya da akuya ko rago a bayan gida, tunda albashi kaɗai ba ya kai mutum layya. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan harawa, musamman ta shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri.

Ganyen wake ko na gyaɗa yana haɗa sukari da hasken rana, ruwa da iska. Rarar da ta saura, shukar takan mayar da ita sitaci ta adana, kamar hatsi a rumbu. Idan fari ya kama, ƙananan ƙofofin jikin ganye sukan rufe don kada ruwa ya tsere, alhali ta nan iskar take shiga, sai haɗa abinci ya ja baya. A nan ne shukar take buɗe rumbunta, ta narkar da sitaci ya koma sukari. Sukarin ya taru a cikin ganye, ya riƙe ɗan ruwan da ya rage. Saboda haka, muddin farin bai yi tsanani ba, sitaci yana raguwa, sukari kuwa yakan ƙaru. In ya tsananta, duka biyun sukan ƙare.

Ke nan kada a raina harawar fari don gajartarta. Kararta kaɗan ce, ganyenta ya fi yawa, kuma a ganye amfanin yake. Ni a ganina asarar da muke tafkawa bayan yanka ta fi ta farin. Shukar da aka yanke tana ci gaba da cin sukarinta har sai ta bushe. In ta kwana a jibge, ko ruwa ya dake ta, zaƙin ya tafi. A baza ta ta bushe da sauri, a ɗaure da sassafe kafin ganye ya fara kakkaryewa, a ɗora kan rufi ko reshen itace.

Masu alfalfa a fadama kuma, sitacinta a saiwa yake, da shi take tohowa. Yawan yanka lokacin fari yakan kashe ta.

Malaman aji shida, a tafasa ganye, a cire korensa da sifirit, a ɗiga aidin. Inda akwai sitaci zai yi baƙi-baƙi. Ku gwada ganyen da ya sha ruwa da wanda ya yi yaushi, yara su gani da idonsu.