Baƙo a Filin Wasan Bijimi na Ƙasar Sifen



An nemi mu yi magana a kan yadda baƙo ke ji idan ya ga al'adar da ba tasa ba. Mun zaɓi mu tsaya a kan misali guda, wato wasan kisan bijimi na ƙasar Sifen, da wasu baƙi biyu da suka kalle shi a birnin Madrid.

Bari mu fara da abin da baƙo ke tararwa. Babban filin Madrid, wanda ake kira Las Ventas, an buɗe shi a 1931, yana ɗaukar mutum wajen 23,000. Kujerun inuwa sun fi na rana tsada, ko a nan ma talaka ya san wurinsa. A yammaci guda akan kashe bijimai shida, gwanaye uku, kowa da nasa biyu. Kowane bijimi ya kai shekara huɗu, nauyinsa wajen kilo 500, kuma ba a taɓa yin wannan wasa da shi ba, domin wanda ya taɓa yi ya riga ya gane mutum daban, ƙyalle daban. Da farko mahayi bisa doki zai soke shi da mashi a doron wuya. Sannan a kafa masa tsinkaye masu ƙugiya, biyu-biyu har sau uku. Bayan jini ya zuba, wuya ya saki, kai ya sunkuya, sai gwanin ya fito da jan ƙyalle da takobi, ya yi ta gocewa ƙaho yana shafar rigarsa, daga bisani ya luma takobin tsakanin kafaɗu. Jan launin ba shi ke harzuƙa bijimin ba, motsin ƙyallen yake bi. Idan 'yan kallo sun gamsu sai su kaɗa fararen adikai a ba gwanin kunnen dabbar, alfadarai kuma su ja gawar waje.

Baƙo na farko shi ne Ernest Hemingway, marubucin Amurka, wanda ya fara kallon wasan a 1923. Shi da kansa ya faɗa cewa ya je ne yana tsammanin abin zai tayar masa da hankali saboda dawakai, domin a zamanin nan ba a sa musu kariya, bijimi kan farke cikin doki a gaban jama'a. Sai a 1928 hukuma ta wajabta lulluɓe su da wani irin lifidi. Amma wasan ya shiga ransa, har ɗan da aka haifa masa a 1923 ya saka masa Nicanor a cikin sunayensa, don girmama wani gwani, Nicanor Villalta. A 1932 ya fitar da littafi sukutum a kan wasan. Abin da ya gani shi ne mutum tsaye gaban mutuwa bai ja da baya ba. Ba ƙarya ya gani ba: bijimi ya kashe Manolete a 1947, Paquirri a 1984, da Víctor Barrio a 2016.

Baƙo na biyu ya zo a watan Oktoba na 1940, lokacin mulkin Janar Franco. Aka shirya wasa na musamman a Las Ventas don karrama shi, ruwan sama ya katse shi kafin a ƙare. An ruwaito cewa abin ya dame shi ƙwarai, ya ce zalunci ne. Sunan wannan mai tausayin dabba Heinrich Himmler, shugaban rundunar SS ta Hitler, wanda sansanonin da aka hallaka miliyoyin mutane suke ƙarƙashin hannunsa.

To, 'yan'uwa, wanne za mu bi? Mu dai mun fi karkata ga cewa azaba ce ake yi wa dabbar nan, kuma hujjarmu mashin nan ne na farko, wanda aikinsa kawai ya raunana ta kafin gwani ya matso. Addininmu ya yarda a yanka sa a ci, amma ya umarta a wasa wuƙa a hutar da shi. Sai dai ba mu ɗauki tashin zuciyar Himmler a matsayin shaida ba, kamar yadda ba mu ɗauki shauƙin Hemingway ba. Kowannensu kayan da ya taho da su daga gida ya kwance a bakin filin.

Kada kuma mu yi saurin taɓe baki. Wanda ya taɓa ganin hawan ƙaho a garuruwanmu ya san yadda ake ɗaure sa da igiya, a tsokane shi har ya fusata, kalangu na tashi, ɗan mahauta ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume. Ba a sukarsa da mashi, wannan bambanci ne babba. Amma da wani Bature zai tsaya gefe yana yamutsa fuska, da yawanmu za su ce ina ruwansa, ba tare da mun tsaya mun duba ko san yana shan wahala ba. Wasunmu gobe su ne jami'an da za su raka irin wannan baƙo, kuma dole su ba shi amsa.

Su mutanen Sifen ba su jira baƙo ba wajen wannan gardama. Majalisar yankin Kataloniya ta haramta wasan a 2010, aka yi na ƙarshe a Barsalona a watan Satumba na 2011. A 2013 majalisar ƙasa ta sanya shi cikin al'adun gado da doka ke karewa, a 2016 kuma kotun tsarin mulki ta soke haramcin Kataloniya. Duk da hukuncin kotun, wasan bai koma Barsalona ba.