Gobarar Daji da Zafin Bazara: Darasin da Ke Bayan Ajinmu

Shugaban reshe, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, muna godiya da wannan dama da aka ba mu.

Da yawanmu idan muka zo darasin muhalli, sai mu ɗauko labarin gobarar da ta ci dazuzzukan Ostareliya a ƙarshen 2019 da farkon 2020, yara su saurara kamar tatsuniya. Alhali kuwa yaron da ya cinna wa dajin bayan gari wuta ranar Asabar, don ya fito da gafiya, yana zaune a benci na uku. Da abin da ya sani ya kamata mu fara.

Ya san wuta tana korar gafiya da zomo. Bai lura ba cewa ta cinye ciyawar da dabbobi za su ci har faɗuwar ruwa, ta kashe 'yan tsiron kaɗanya da ɗorawa da ba su kai gwiwa ba, ta ƙone ganyen da zai ruɓe ya zama taki. Tokar da ake taƙama da ita kuwa, iskar hunturu ce ke watsa ta. Sai ƙasa ta zauna a buɗe, rana ta gasa ta, ruwan farko ya zo ya wanke samanta.

Wannan ba ya shiga kan yaro da alli kaɗai. Mu cika faranti biyu da ƙasa, mu rufe ɗaya da busasshiyar ciyawa, mu karkata su, mu zuba ruwa da buta. Su gani da idonsu wanne ya fi zubar da laka. Mu bar su a rana, washegari kowa ya sa yatsa ya ji wanne ke da sauran danshi. Darasin zafi ma haka yake. Za mu iya faɗa musu cewa a Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, amma ya fi kama hankali su dafa ƙasa a gindin darbejiya, su sake dafawa a tsakiyar fili, mu tambaye su dalilin bambancin.

Akwai wurin da sai mun yi hattara. Wasu iyayen suna ƙona gonakinsu lokacin sharar gona ne saboda rashin hannu da kuɗin ƙwadago, kuma ba mu so yaro ya koma gida ya raina mahaifinsa da sunan ilimi. Mu ba shi abin da zai iya faɗa cikin ladabi: a tara kara wuri guda, a share kewayensa, a jira iska ta kwanta, kada a tafi sai wuta ta mutu.

Ya Shugaba, da kunya mu koyar da illar zafi a ajin da kwanonsa ba silin, ba randa, yara na gyangyaɗi tun kafin azahar. Muna roƙon reshe ya sa abu uku cikin buƙatun da zai kai wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma: randar ruwa a kowane aji, izinin mai da wasannin motsa jiki zuwa sanyin safiya daga Maris zuwa Mayu, da 'ya'yan itatuwan da za mu dasa idan damina ta zauna. Shinge da ban ruwa a rani, mu da ɗalibanmu mun ɗauka.