Ruwa Ɗaya, Sana'a Uku: Haƙƙin Manomi, Makiyayi da Masunci a Fadamar Haɗeja da Nguru

Fadamar Haɗeja da Nguru shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce da ta taso daga gabashin Jigawa ta shiga Yobe. A nan kogin Haɗeja da na Jama'are suke rarrabuwa tsakanin jigayi da tafkuna, kafin su haɗe a wajejen Gashuwa su zama kogin Yobe mai zubawa a Tafkin Chadi. Daminar yankin gajera ce, ruwan samanta bai taka kara ya karya ba. Abin da ke riƙe da jama'a shi ne ambaliyar da ke gangarowa daga ƙasar Kano da Bauchi da tsaunukan Filato, ta cika fadama wajen watan Agusta da Satumba, sannan ta janye sannu a hankali.

Wannan cika da janyewa su suka raba wa kowa lokacinsa. Idan ruwa ya hau, kifi yakan bazu cikin ciyawa ya yi ƙwai, manomi kuma shinkafarsa na tashi tare da ruwan. Da ya fara ja baya, sai masunci ya tare bakin magudana da koma da gura, ya kama tarwaɗa da karfasa da bargi, mata su banda a kai kasuwa. A danshin da ruwan ya bari, manomi yakan shuka wake ba tare da ya yi ban ruwa ba. Bayan girbi makiyayi ya iso da garkensa, shanu su ci karmami da harawa da ɗanyar ciyawar bakin tafki, su bar taki a gona. Fili guda ke nan ya ciyar da gida uku cikin shekara. Bulama ko maigari, da sarkin ruwa, da arɗo su suka san lokacin kowa, a gabansu ake sasanta ɓarna. Rigima ba ta taɓa ƙarewa ba, amma akwai inda ake kai ta.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, domin noman rani a yankin Kadawa da Kura da ruwan shan birnin Kano. Amfaninsu a fili yake ga duk wanda ya ga shinkafa da tumatirin Kura. Sai dai sun canza wa kogin Haɗeja ɗabi'a. Ambaliyar damina ta ragu, kogin da a da yake ƙafewa da rani kuma ya koma gudana shekara zagaye, don ana sako ruwa saboda gonakin ban ruwa.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka samun ruwa da rani alheri ne tsantsa. Mutanen Guri da Nguru sun san ba haka abin yake ba. Ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa shi ciyawar kacala take so. Takan fi mutum tsayi, saiwarta na sarƙewa a cikin laka, tana tare yashi har hanyar ruwa ta cushe. Da haka wasu rassan kogin, irin su Burum Gana, suka toshe, ruwa ya karkata zuwa magudanar Marma ya kwanta a kan gonakin da ake nomawa, yayin da garuruwan da ke ƙasa suke neman sa ido rufe. Kwalekwale ba ya ratsa kacala, koma ba ta jawuwa a cikinta, saniya ba ta samun hanyar mashaya. Ga tsuntsayen jan baki da suka mai da ita wurin kwana. Idan shinkafa ta fara nuna, yara da manya sukan wuni a kan rumfar gona suna kaɗa gwangwanaye da ihu, daga asuba har faɗuwar rana. Masana tattalin arziki da suka auna fadamar a shekarun 1990 sun nuna cewa ruwan da ya isa fadama ya fi samar da amfani, idan aka haɗa hatsi da kifi da itace, bisa kwatankwacinsa da aka zuba a manyan gonakin ban ruwa na sama.

Doka ba ta taimaka ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, takardar mallaka kuma mutum ɗaya ta sani a kan fili ɗaya. Ba ta san haƙƙin wanda ke zuwa wata uku ya tafi ba. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 tana nan, amma yawancin wuraren kiwo ba a yi musu rajista ba, burtali kuma gonaki sun cinye. Da injin ban ruwa ya yawaita ƙarƙashin shirin Fadama tun shekarun 1990, sai bakin kogi ya cika da tattasai da albasa da alkama daidai lokacin da garke ke buƙatar sauka. Manomin bai yi laifi ba da ya nemi abinci, makiyayin ma haka. An dai sauya tsarin rabo ba tare da an zauna da su ba.

Jama'a ba su naɗe hannu ba. Ƙauyuka sukan yi gayya, maza su shiga ruwa har ƙirji da adda da lauje suna sarar kacala don buɗe hanya, duk da sun san za ta sake tofowa. A 2000 aka sa tafkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2006 kuma jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Yobe. A tsallaken iyaka, Nijar ta yi dokar karkara a 1993, ta kafa kwamitocin ƙasa da manoma da makiyaya ke da wakilci a ciki, sannan a 2010 ta rubuta cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Aiwatarwa na da nata cikas, amma aƙalla mai ƙara yana da abin nunawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2018 ta amince da sanarwar haƙƙin ƙananan manoma da mazauna karkara, wadda ta haɗa makiyaya da masunta, ta kuma tanadi a tuntuɓe su kafin a taɓa ƙasa da ruwan da suke rayuwa a kai.

Saura kogin Jama'are, wanda har yanzu babu babbar madatsa a kansa, kuma shi ke kai mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa da Geidam. Shekaru da dama ke nan ana ta da maganar madatsar Kafin Zaki a Bauchi ana ajiyewa. Duk ranar da za a yanke hukunci a kanta, ko a tsara lokutan sakin ruwan Tiga da Challawa, wajibi ne wakilan manoma da makiyaya da masuntan fadama su kasance a zaman tun daga farko, kuma a rubuta musu rabonsu na ruwa a takarda.