Shant: Ƙaramin Ƙarfen da Ke Faɗa Maka Gaskiyar Batirinka



Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, wutar lantarki ta zama sai an ganta, har a Mai Wurno da ke maƙwabtaka da madatsar ruwan Sennar. Jama'a sun koma sola da batir. Wayar makiyayi na mutuwa, ba Bankak, ba labarin farashin shanu. Mai shagon caji kuwa, batirinsa ne jarinsa.

To, me ke kashe batir da wuri? Zuƙe shi har ƙasa. Batirin dalma ba ya son a ci fiye da rabinsa. Mai amfiya-awa 200, naka 100 ne kawai. Duba bolt kaɗai ba ya wadatarwa, domin lambar tana sauka in an kunna kaya, ta hau in rana ta fito.

A nan shant ke shigowa. Ɗan guntun ƙarfe ne mai noti biyu, wanda wutar duka ke bi ta cikinsa. In an rubuta masa 100A/75mV, ma'ana idan amfiya 100 ta ratsa, zai ba da milibolt 75. Amfiya 40 kuma milibolt 30. Wannan 'yar wutar ce mita ke karantawa. Saboda haka lambar shant da ta mita dole su zo ɗaya, in ba haka ba mita ƙarya za ta yi maka.

Ga yadda ake ɗaurawa. Kashe inbata, cire wayar faranti tukuna, sannan ta batir. Ɗauko gajeriyar waya mai kauri daga kan batir mai alamar ragi zuwa noti ɗaya na shant. Duk sauran baƙaƙen wayoyi, na inbata da kwantirola da fitila, su koma ɗaya notin. Ko waya ɗaya ta tsallake, lissafi ya ɓaci. Ɗaure noti tamau, don sako-sako zafi yake haifarwa, zafi kuma gobara. Siririyar wayar da ke ba mita wuta daga kan mai alamar tarawa, sa mata ƙaramin fiyus kusa da batir.

Kada ku raina shi. Masu haɗa ƙananan jiragen sama a gidajensu a Amurka irinsa suke sawa, don matuƙi ya san ko batir na samun caji yana sararin sama. Su sukan ɗaura shi a ɓangaren tarawa, shi ya sa suke sa fiyus a siraran wayoyin biyu.

Malam, in mita mai ƙirga caji ta nuna rabi ya tafi, kashe firji, bar fitila da cajin waya. Wanda bai saba da waya ba, ya kira mai gyara.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.